Awaki Biyu da Maganin Bindigar Yaya

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa aka tura ni koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can ƙasar Kuyello, inda hanyar mota take ƙarewa dajin Birnin Gwari ya karɓa. Na dawo daga kwalejin horon malamai da farar riga, da agogon hannu, da bakin da ba ya iya yin shiru. Rigar ta yage tuni, agogon ya mutu, bakin ne dai har yanzu yana nan.

Darasin da na fi ƙauna shi ne kimiyya, a cikinta kuwa ba abin da nake ji da shi kamar gwajin wake. Sai in sa yara su kawo gwangwanin madara biyu, mu cika su da ƙasar rami ɗaya, mu shuka waken buhu ɗaya, mu ajiye su a taga ɗaya. Ɗaya mu riƙa zuba masa ruwa, ɗaya mu hana shi. In tambaya, “Me muka sauya da hannunmu?” Su ce, “Ruwa!” In ce, “Me muka zuba wa ido mu ga yadda zai yi?” Su ce, “Tsiro!” Littafin da aka ba mu yana kiran na farko abu mai zaman kansa, na biyu kuma mai dogaro da shi, amma ni abin sauyawa da abin dubawa nake ce musu. Doka ɗaya ce, kuma da bulala nake shigar da ita: abu ɗaya tak ake sauyawa, sauran duk a bar su yadda suke. Wanda ya sauya biyu, ko ya ga bambanci ba zai san wanne ne ya kawo shi ba.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne da damina, mafarauci da rani. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya hana ni riƙe fartanya ya ce in je in yi boko. Wata rana ya biyo ta makaranta da bindigarsa ta toka a kafaɗa, ya tsaya a taga har na gama darasin. Da yamma muna cin tuwo ya dube ni ya ce, “Ticha, ashe gwamnati albashi take ba ka don ka gaya wa yara wake yana son ruwa? Ai ko akuyar gidan nan ta san wannan.” Matarsa ta yi dariya har ta ƙware. Na ce masa ba waken ake koya ba, yadda za a gane gaskiya daga ruɗu ake koya. Ya ce to Allah ya ba da sa’a. Ban san ya haddace darasin kaf ba, don Yaya mutum ne da in ya ji abu sau ɗaya ya zauna ke nan.

A wannan kakar ’yan fashi suka shigo dajinmu. Bindigogin da suka rage daga yaƙi sun faɗa hannun ɓata-gari, suka fara tare mutane a hanyar kasuwa. Na farkon da suka kashe daga ƙauyenmu babban abokin Yaya ne, yana dawowa da jakinsa bayan ya sayar da dawa. Yaya ne ya tsinto shi a bakin rafi, ƙirjin a farfashe, ƙudaje sun riga sun taru. Ya saɓo shi a kafaɗa har ƙofar gidansu, jini ya bushe a bayan rigarsa, ya ƙi cire ta har aka yi jana’iza. Mafarauta suka taru suka yanke shawarar shiga dajin su fatattaki ɓarayin. Sarkin mafarautan ƙauyen tsoho ne, gwiwoyinsa sun gaji, don haka aka ce Yaya ne zai shige gaba.

A gaban mutane ya amsa da ƙarfi. A gida kuwa na same shi zaune yana jujjuya bindigarsa, ya ce da ni a hankali, “Ticha, tasu tana magana ba ta numfashi. Kafin tawa ta yi tari ɗaya sun gama da ni.” Ban taɓa jin Yaya ya faɗi tsoro da bakinsa ba sai ran nan, kuma abin ya kama ni a zuciya.

Ana cikin haka wani mai magani ya sauka a kasuwarmu. Ba wanda ya san garinsa. Dogo ne, mai taushin murya, yana janye da wani farin rago mai laya a wuya. Ya ce maganin bindiga ya kawo, kuma ba ya sayarwa sai an gani da ido. Ya ɗaure ragon a turke, ya karɓi bindigar wani, ya juya mana baya ya ɗura ta a ƙarƙashin babbar rigarsa, wai kada idon mutane ya ɓata aiki. Ya ja baya, ya saita, ya ja kunama. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, mata suka watse da kwandunansu. Da hayaƙin ya lafa sai ga ragon a tsaye, ya yi atishawa, ya ci gaba da tuƙarsa. Kasuwa ta ɗauki kabbara da kururuwa. Kafin la’asar Yaya ya kai masa maraƙinsa, ya karɓo laya, da garin da ake sha a kunu, da wani na wanka. Wasu mafarautan ma suka saya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar shi kwanaki yana sha yana wanka, ina cizon haƙora, har matarsa ta tare ni a zaure ta ce, “Malam, kai ne mai karatu. Mutumin nan yanzu ya ce ba zai ɓoye a bayan itace ba in sun shiga dajin, wai a fili zai tsaya. Ka yi wani abu, don Allah.”

Na same shi yana gyaran dutsen wasa wuƙa. Na ce, “Yaya, wa ya ɗura bindigar da aka harbi ragon nan?”

“Shi mai maganin.”

“Ka ga abin da ya zuba a ciki?”

“Ban gani ba.”

“To ai mutumin nan abu biyu ne a hannunsa, laya da ɗurin bindiga. Ragon bai mutu ba, gaskiya ne. Amma layar ce ta hana, ko kuwa albarushi da tsumma kawai ya cusa, babu dalma? Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba.”

Ya ɗago ya dube ni. “Ka zo da zancen wakenka ke nan.”

Na ce e, da shi na zo. Ina da awaki biyu ’yan uwa ɗaya, girmansu ɗaya, zan bayar da su. Bindiga ɗaya, mai ɗuri ɗaya a gaban kowa, awon albarushi ɗaya, nisa ɗaya. Abin sauyawa laya ce kawai, ɗaya da ita ɗaya babu. Abin dubawa kuwa ko dalma ta shiga jikin akuya ko ba ta shiga ba. Ya shafa bakin wuƙa da yatsa, sannan ya ce, “In ta laya ta tsira fa?” Na ce zan sha garin nan a gaban ɗalibaina. Ya yi dariya ya ce ya yarda, ko don ya ga Ticha yana shan magani.

Ranar da za a yi, washegarinta ne mafarauta za su shiga daji. Da hantsi ƙauyen ya taru a bayan gari, gindin wata kaɗanya. An zo da mai maganin, ba don yana so ba. Ya fara cewa a ba shi bindigar ya ɗura, na ce ko kusa, sarkin mafarauta ne zai ɗura, kuma a fili. Tsohon ya auna albarushi da ɗan ƙahonsa, ya zuba, ya cusa tsumma, ya zuba gutsattsarin dalma, ya danna. Ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa ya tsaya a kai.

Akuyar farko ba laya. Harbin ya same ta a haƙarƙari, ta yi sama ta faɗo, tana shure-shure tana wani kuka irin na jariri, har aka sa mata wuƙa. Aka janye ta, aka ɗaure ta biyu a turken, Yaya da kansa ya cire layarsa ya rataya mata. Tsohon ya sake auna ƙahon, ya sake ɗurawa, ya koma kan layinsa. Da ya ja kunama akuyar ko kuka ba ta yi ba. Dalma ta yaga mata wuya da kafaɗa, jini ya yi feshi har jikin kaɗanyar, ta zube a kan turken.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na ceci Yaya, har na fara juyawa ina neman idon matarsa, na manta an hana mata zuwa wurin. Sai jama’a suka afka wa mai maganin. Wani ya kwaɗa masa ƙotar fartanya a baki, haƙora suka zubo. Suka kayar da shi suna tattakawa, masu sanda na bugu, waɗanda suka ba shi dabbobinsu suna neman idonsa da yatsu. Ya dunƙule yana kare kansa, yana ihu cikin jini, “Ku tsaya! Ku ji ni! Ai laya kaɗai ba ta aiki! Akuyar nan ta sha? An yi mata wanka?”

Na yi tsawa na ce, “Ragonka fa?”

“Ragona ya daɗe yana sha! Wallahi ya daɗe yana sha!”

Ƙarya yake yi, neman hanyar tsira da ransa yake yi, kowa mai hankali ya san haka. Amma na ga sanduna sun fara sauka ƙasa. Na yi maza na ce to shi ke nan, a kawo wata akuyar, a ba ta garin ta sha, a yi mata wankan, in ta yi kwanaki tana sha mu sake harbi. Wani ya ce ai gobe ne shiga daji, ina lokacin jiran akuya?

Yaya bai taɓa mai maganin ba tun da aka fara. Yana durƙushe a gaban gawar akuyar. Ya kwance layar, ya goge jinin a wandonsa, ya mayar da ita wuyansa, ya miƙe. Na dubi fuskarsa. Mutum ne da aka yi wa wayo a gaban garinsu, wanda kuma gobe zai tsaya gaban bindigogin soja, kuma abin da ya dogara da shi yana kwance a jini.

Ya ce, “Ku sake shi. Ticha, gwajinka ya yi kyau, amma bai ƙare ba. Ga bindiga, ita ce. Ga ƙaho, ga layi, ga laya. Abu ɗaya za mu sauya. A cire wadda ba ta sha ba, a sa wanda ya sha.”

Na ce, “Wa ya sha?”

“Ni.”

Har yau ina jin haushin abin da ya fara fita daga bakina, don malanta ce ta riga ni magana. Na ce, “Ai biyu ka sauya ke nan! Ka sauya sha, ka kuma sauya akuya da mutum!” Sai kuma na dawo hayyacina na cakumi rigarsa, ina cewa Yaya kana da hankali kuwa, kana da ’ya’ya, ka dubi wuyan akuyar nan. Ya ce in sake shi. Na ƙi. Ya ɗauke ni da marin da ya sa na ga wuta, na sake rarumo ƙafarsa, ya sa gwiwa ya fasa mini hanci. Tunda aka haife ni Yaya bai taɓa dukana ba sai ran nan. Ya ce wa wasu samari biyu su riƙe ni, suka murɗe mini hannuwa suka danne ni a ƙasa, kumatuna a cikin jinin akuya.

Sarkin mafarauta ya jefar da bindigar. Ya ce shi bai taɓa saita bindiga a kan ɗan mutum ba, ba kuma zai fara da yaron da ya koya wa harbi ba. Ya roƙi Yaya, ya zage shi, ya haɗa shi da kabarin mahaifinmu. Da ya ga ba ya ji, ya juya ya nufi gari yana ɗingishi don ya kira mai gari, alhali ya san kafin ƙafafunsa su kai shi an gama.

Sai mai maganin ya rarrafo. Bakinsa a kumbure, ido ɗaya a rufe, ya kama ƙafar Yaya ya ce, “Maigida, in dai za a yi, bari in ɗura da hannuna. Don Allah bari ni in ɗura.”

Nan take na gane abin da yake nufi. Maƙaryacin nan so yake ya cusa tsumma babu dalma, ya ceci Yaya, ya ceci kansa. Ni da na hana shi taɓa bindigar ɗazu, ni ne na ɗaga kai daga ƙasa ina ihu, “Ku ba shi! Yaya, ka bar shi ya ɗura! Shi ya san maganinsa, ka ba shi!”

Yaya ya dube ni, har da ɗan murmushi. “Haba Ticha. Kai da bakinka ka ce ba a sauya abu biyu. In ya ɗura ban mutu ba, ta ina zan san ko maganin ne? Gobe ba shi zai ɗura wa ɓarayi ba.”

Ya ɗauki ƙahon tsohon ya auna, bai rage ko ƙwaya ba. Ya cusa tsumma, ya zuba dalma, ya ɗaga hannu kowa ya gani, ya danna sosai. Ya miƙa bindigar ga wani sa’ansa, mafarauci wanda shi ma ya sayi maganin kuma yake mutuwar son ya san gaskiya. Mutumin ya karɓa. Yaya ya nuna masa layin, ya taka ya je gindin kaɗanya, ya ture gawar akuyar da ƙafa, ya tsaya a gaban turken ya buɗe ƙirji. Cikin taron nan kaf babu wanda ya shiga tsakani. Suna son su gani, wannan ita ce gaskiyar, kuma ban yafe wa ko ɗayansu ba.

Ban ga harbin ba, ƙararsa na ji ta cikin ƙasa. Samarin suka sake ni. Da na ɗago Yaya yana tsaye, har wani ya fara kabbara. Sannan ya sunkuya ya dubi cikinsa, ya sa hannu biyu ya tare, jini ya ɓulɓulo ta tsakanin yatsunsa, ya zauna daɓas kamar wanda ya dawo daga gona a gajiye. Wanda ya yi harbin ya yar da bindigar ya faɗa daji da gudu. Cikin hargitsin mai maganin ma ya sulale, ba a sake ganinsa a ƙasarmu ba.

Na yage farar rigata na ɗaure masa cikin, nan da nan ta rine. Aka ɓalle ƙyauren wani ɗaki aka ɗora shi, mu huɗu muka ɗauka, muka kama hanyar da za ta fitar da mu bakin titi, ko Allah zai kawo motar da za ta kai mu asibiti a Birnin Gwari. Matarsa ta cim mana a bakin gari ba ko ɗankwali. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai kama ƙafarsa ta riƙe, tana tafiya a gefenmu. Rana ta take, jini yana ɗiga ta tsagar ƙyauren yana sauka a kafaɗata.

Mutanen da ke biye da mu sun riga sun fara neman dalili. Ba wanda ya ce maganin ƙarya ne. Ina jin su suna ƙus-ƙus, wai ai masu irin wannan magani ba sa cin abu mai yauƙi, kuɓewa tana karya shi, a dai bincika abin da aka dafa masa jiya. Wani ya faɗa da ƙarfi yadda za ta ji, cewa mata su ke kashe mazansu da tukunya. Na ga hannunta ya ƙanƙame ƙafar Yaya. Na san mutanena, na san in wannan magana ta zauna, kafin dare sandunan da suka sauka a kan mai maganin za su koma kanta.

Yaya ma ya ji. Ya buɗe ido, leɓɓansa sun yi fari, ya kira ni. Na ce a tsaya, muka sauke ƙyauren a inuwa, na durƙusa na kai kunne.

“Ticha,” ya ce, “miyar jiya. An sa kuɓewa?”

Ya zuba mini ido yana jira, kuma na ga abin da yake so in ce. Da na ce e, da ya tafi da sanyin cewa ba wauta ya yi ba, maganin gaskiya ne, tsautsayi ne kawai ya gifta. Matarsa tana tsaye a kaina, mutanen sun matso sun kewaye mu.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Ba a sa ba, Yaya. Taushe ne. Tare muka ci da kai a kwano ɗaya.”

Ya daɗe yana kallona. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne. Ya ce, “To.” Can kuma ya ce, “Ka gaya wa sauran kada su tsaya a fili gobe.”

Muka sake ɗaukarsa. Ba mu kai ga tsallaka rafi ba na ji nauyin ƙyauren ya sauya, matarsa kuma ta saki ƙafar ta zauna a tsakiyar hanya. Muka tsaya, na rufe masa ido da hannuna. Sai muka juya da ƙyauren muka nufi gida.